Neman Gurbin Karatu a Jami'o'in Ƙasashen Waje: Nauyin da Ya Rataya a Wuyan Zango

Laccar da aka gabatar a taron iyaye, malamai da ɗaliban sakandare a Zangon Kumasi



Mai martaba Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu da ke tare da shi, limamanmu da malamanmu, iyayenmu magajiyoyi, shugabannin makarantu, iyaye maza da mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da haɗuwa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga dacewar in tofa albarkacin bakina a gaban manya.

An ce in yi magana a kan yadda ɗalibi zai nemi gurbin karatu a jami'ar ƙasar waje. Bari in faɗi inda na dosa tun da fari. 'Ya'yan Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Sawaba da Yalwa suna da ƙwaƙwalwa irin ta 'ya'yan kowa. Abubuwa uku ne suka fi kayar da su a wannan hanya: takardun da ba su dace da juna ba, fara shiri a makare, da miƙa wuya ga 'yan konekshan. A cikin ukun nan babu wanda yaro ɗan shekara 18 zai iya magancewa shi kaɗai. Aikin gida ne, aikin makaranta ne, aikin masallaci ne, aikin unguwa ne baki ɗaya.

Tafiya neman ilimi gadonmu ce

Tun kafin Bature ya ci ƙasar Asante akwai Musulmi masu alƙalami a garin nan. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da su a fadar Asantehene Osei Bonsu, suna yi wa sarki rubutu da addu'a. Mutanen Gwanja ne da Dagomba da Wangarawa da Hausawa. Wasu daga cikin takardun Larabci na wancan zamani suna ajiye har yau a babban ɗakin karatu na birnin Kopenhagen a ƙasar Denmak. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya biyo hanyar fataucin goro ya zauna a Salaga. Bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi, inda almajirai suka riƙa zuwa masa daga nesa har ya rasu a 1934.

Bayan samun mulkin kai wata ƙofa ta buɗe. Dangantakar Kwame Nkrumah da Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ta sauƙaƙa wa matasanmu zuwa Azhar. A 1961 aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, ita ma ta karɓi 'ya'yan zangunan Ghana. Da yawa daga cikin malaman da suka kafa mana makarantun Arabiyya na zamani ta nan suka bi.

A ɓangaren boko ma garin nan yana da abin nunawa. Kofi Annan a Kumasi aka haife shi a 1938. Ya fara karatun gaba da sakandare a 1958 a kwalejin da ta zama jami'ar KNUST, daga nan tallafin Gidauniyar Ford ya kai shi Kwalejin Macalester a Amurka, ya gama a 1961. Shi ne ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. Ku lura da abu ɗaya: daga gida ya fara, da ƙwazon da ya nuna a gida aka ɗauke shi.

Abin da nake so mu tuna game da kakanninmu fatake shi ne ba a taɓa sakin yaro ya kama hanyar Kano zuwa Gwanja shi kaɗai ba. Ayari ake yi. Akwai madugu wanda ya san lokacin tashi, ya san mashigin kogi, ya san sarkin da ake biya kuɗin hanya da ɗan fashin da ake kauce wa. A yau mun bar yaro da wayar hannu da kuɗin data, shi ne madugun kansa, a hanyar da ba wanda ya taɓa bi a gidansu. In ya ɓata, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Tambayar farko: karatu kake nema ko fita?

Ƙannena, wannan tambaya taku ce, kowa ya amsa wa kansa. Mun san hirar da ake yi a majalisar ataya: wane ya tafi, ya turo mota, ya fara gini. Son fita ba laifi ba ne. Amma wanda fita kawai yake nema zai karɓi kowace makaranta, kowane fanni, a kowace ƙasa, kuma shi ne abincin mayaudara. Wanda karatu yake nema yakan fara da tambayar me zai karanta, sannan ina aka fi koyar da shi, sannan wa zai biya.

In ka bi wannan tsari, sau da yawa za ka tarar cewa digirin farko ya fi dacewa a yi shi a gida. KNUST tana nan, motar haya ɗaya ko biyu ce tsakaninmu da ita. Shirin tallafin Gidauniyar Mastercard yana ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙwazo marasa ƙarfi a cikinta da kuma Jami'ar Ashesi. Tallafin da ke biyan komai a matakin digirin farko a waje kaɗan ne ƙwarai, duniya duka kuma ke rububinsa. A matakin digiri na biyu da na uku ƙofofin suka fi yawa, domin a nan jami'a ke biyan ɗalibi ya taya malami koyarwa ko bincike. A shekarar karatu ta 2023/2024 ɗaliban Ghana da ke Amurka sun haura 9,000, kuma mafi yawansu masu digiri na biyu da na uku ne. Wanda ya fito daga KNUST ko jami'ar Legon da sakamako mai daraja ta ɗaya ya fi kusa da jirgi a kan wanda ya zauna shekara huɗu a gida yana jiran biza.

Takardu: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Iyayena, a nan nake roƙon ku ba ni kunnuwanku. Ga abin da ake gani kullum. Yarinya ta ci jarrabawa da kyau, an zo haɗa takardunta. A takardar haihuwa an rubuta Hauwa Mohammed. A takardar WASSCE, Hawa Muhammed. A Ghana Card kuma an saka sunan kakanta a ƙarshe, domin kawunta ne ya kai ta rajista. Ranar haihuwa a nan Maris, a can Mayu, domin ranar da aka kai ta aji ɗaya malami ya tambaya, wanda ya raka ta ya kintata. A wurinmu duk mun san ita ce. Ma'aikacin jami'ar da ke zaune a wata nahiya bai san ta ba, mutum uku yake gani a gabansa, kuma yana da dubban takardu da ke jiransa. Sai ya ture tata gefe.

Wannan sakaci yana da tarihi. Dattawan da ke nan sun tuna Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidaje sun watse, dukiya ta salwanta, kuma tun daga nan mutanenmu da yawa suke ɗari-ɗari da ofishin gwamnati da duk abin da ya shafi rajista. Ana fahimtar wannan. Sai dai gudun ofis bai kare kowa ba, ya ma ƙara wa jikoki wahala ranar da suka je neman fasfo aka shiga yi musu tambayoyin asali. Maganin abin shi ne a yi wa jariri rajistar haihuwa kafin ya shekara, a zaɓi rubutun suna guda a tsaya a kansa. Shugabannin makarantu, kafin ku tura sunayen yara rajistar BECE da WASSCE, ku nemi takardar haihuwa ku kwafa harafi da harafi. In kuskure ya riga ya auku, a gyara shi tun yanzu ta hanyar takardar rantsuwa da sanarwar gazet. Gyaran yana cin makonni, wani lokaci watanni, kuma wa'adin jami'a ba ya jiran kowa.

Sauran takardun su ne fasfo mai sauran wa'adi, rahoton makin kowane zangon karatu daga ajin farko na sakandare, sakamakon WASSCE tare da katin duba sakamako, domin jami'o'i da yawa sukan tabbatar da shi da kansu daga WAEC, da wasiƙun shaida daga malamai biyu da suka san ɗalibi da gaske. Wanda ya faɗi Turanci ko lissafi ya sake zama a jarrabawar Nuwamba da Disamba. D7 a lissafi ba ta buɗe ƙofa a Kumasi, balle a Landan.

Ƙofofin da ke akwai

Kowace ƙasa da tsarinta da lokacinta. Alƙaluman da zan ambata suna sauyawa, don haka kowa ya tabbatar da su a shafin jami'ar ko na ofishin jakadanci kafin ya dogara da su.

Ƙasashen Larabawa mun fi sabawa da su. Madina tana neman shaidar sanawiyya da wasiƙun tazkiya, tana kuma da iyakar shekaru, 25 ga mai neman digirin farko. Karatun kyauta ne, da masauki da ɗan alawus. Azhar kuwa tun gyaran da aka yi mata a 1961 tana koyar da likitanci da injiniyanci bayan ilimin addini. Shawarata ga mai bin wannan hanya ita ce kada ya tafi ba tare da WASSCE a hannu ba. Mun ga malamai masu zurfin ilimi da suka dawo suka rasa inda za su shiga a aikin gwamnati, duk da cewa Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 ya buɗe wa wasunsu hanyar koyarwa. Mai Larabci da Turanci tare yana da hannu biyu.

Turkiyya tana da shirin tallafi na gwamnati mai suna Türkiye Bursları. A shekarun nan ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Yana biyan kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da alawus, da shekara guda ta koyon Turkanci. Mai neman digirin farko sai ya kasance bai kai shekara 21 ba. Nema kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da shiri na musamman don al'ummomin Musulmi a ƙasashen da ba mambobinsa ba, irin Ghana. Rance ne marar ruwa, wanda ɗalibi zai biya bayan ya fara aiki, kuɗin kuma su koma asusun da zai ɗauki nauyin na bayansa. Akwai guraben da ƙasashe irin su Hangari da Maroko da Rasha da Sin ke bayarwa, da yawansu ta hannun ofishin tallafin karatu na gwamnati da ke Akra.

Amurka tana da tsada, amma a can ne kuma ake samun jami'o'i masu arzikin da za su ɗauke wa talaka komai. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst ba sa duba aljihun ɗalibi wajen ɗaukarsa, ko daga ina ya fito, kuma in sun ɗauke shi sukan cike abin da iyayensa ba za su iya ba. Shigarsu kuwa sai wane da wane, don haka a haɗa da ƙananan kwalejoji masu ba da tallafi. Ana nema ta Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta. Wa'adin farko yakan faɗo farkon Nuwamba, na gama-gari farkon Janairu. Wasu jami'o'in suna neman jarrabawar SAT. Cibiyar EducationUSA tana ba da shawara a nan Kumasi da kuma Akra. Matambayi ba ya ɓata.

Ingila ta UCAS ake nema, mutum ya zaɓi kwas biyar. Oxford da Cambridge da fannin likitanci suna rufewa ranar 15 ga Oktoba, saura a watan Janairu. Tallafin digirin farko a can ƙalilan ne. Ga masu digiri akwai Chevening, wanda ke neman shekara biyu ta ƙwarewar aiki da alƙawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu, akwai kuma tallafin Commonwealth. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma kafin a ba ka biza sai ka ajiye kuɗin cin abinci da haya na shekara a wani asusu da ake kullewa, wanda ya kai Yuro 11,904 daga Satumban 2024. Kanada ta taƙaita yawan ɗaliban da take karɓa tun Janairun 2024, a 2024 ɗin kuma ta ɗaga kuɗin da ake nunawa daga dalarta 10,000 zuwa 20,635.

Kada kuma mu manta da maƙwabta. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Musulunci da ke Say a Nijar, duk a ƙasashen waje suke, ba a buƙatar biza, kuma yaronmu ba zai yi baƙunta da harshe ko abinci ba. Mai son zurfafa a Hausa ko Larabci ko tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma zai sami abin da yake nema a can.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Idan kun lura da ranakun da na lissafa, yawancinsu suna tsakanin Oktoba da Fabrairu ne, don karatun da za a fara a Agusta ko Satumba mai zuwa. Ke nan wanda ya jira sakamakon WASSCE ya fito sannan ya fara tambayar ina ake sayen fom, shekara ta riga ta wuce shi. Shiri na gaskiya yana farawa daga aji biyu na sakandare: a gyara takardu, a yi fasfo, a ware makarantu kamar takwas ko goma, a rubuta wa'adin kowacce a jikin bango. In ana buƙatar IELTS ko TOEFL, a sani cewa sakamakonsu shekara biyu yake aiki. Wasu jami'o'in sukan yafe wa ɗan Ghana wannan jarrabawa in makinsa na Turanci ya yi kyau, amma sai an rubuta an tambaya. Haka kuɗin fom: da yawa sukan yafe wa marar ƙarfi in shugaban makarantarsa ya shaida.

Wani ƙaramin abu da ya jawo babbar asara shi ne adireshin imel. Yaro ya je shagon intanet, mai shago ya karɓi takardunsa, ya cike masa fom cikin sauri saboda layi, ya saka imel ɗinsa da lambar wayarsa shi mai shagon. Bayan wata uku jami'a ta aiko da saƙo tana neman takarda guda cikin kwana goma. Saƙon yana can a akwatin wani, yaro yana gida yana jiran tsammani. Kowane ɗalibi ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya riƙe lambar sirrinsa, ya riƙa dubawa kullum.

Sai rubutun bayanin kai. A nan 'ya'yanmu suke raina abin da suke da shi. Sukan kwafo rubutun wani daga intanet, ko su sa na'ura ta rubuta musu, sai ya fito sumul amma babu mutum a cikinsa. Masu tantancewa sun karanta irinsa dubu. Abin da ba su saba gani ba shi ne yarinyar da ke tashi kafin asuba ta taya mahaifiyarta dama koko da suyar ƙosai, ita ce kuma mai riƙe littafin bashin masu saye, daga nan son lissafi ya shige ta. Ko yaron da ke jin Hausa da Twi da Turanci da Larabci, yake biya wa ƙananan yara karatu a makarantar allo bayan la'asar, yake raka tsofaffin unguwa asibitin Komfo Anokye yana yi musu tafinta. Wannan shugabanci ne, hidimar jama'a ce, kuma su ake tambaya a fom. Ku rubuta abin da kuka yi, da abin da kuka koya daga gare shi, ba tare da roƙo ko kukan talauci ba. Malaman Turanci su duba, su gyara nahawu, su bar wa yaro muryarsa.

Kuɗi, biza da 'yan konekshan

Takardar samun gurbi daban, takardar tallafi daban. Iyali da yawa sun yi walima a kan ta farko, sannan aka gano cewa tallafin rabin kuɗin koyarwa ne kawai, babu masauki, babu abinci, babu inshorar lafiya. A zauna da biro a lissafa kuɗin shekarun karatun duka, da kuɗin ƙasar da za a je. Mun ga abin da ya faru a 2022: a farkon shekarar dala ɗaya kusan sidi 6 ce, kafin shekarar ta ƙare ta haura 13. Wanda ya sayar da fili don kuɗin shekarar farko, da me zai biya ta biyu? Dogaro da aikin da yaro zai yi a can ma ba ya fitarwa, domin a Amurka da Ingila awa 20 a mako doka ta yarda wa ɗalibi lokacin karatu, a Amurka ma a cikin harabar jami'a kawai. Nkrumah da ya tafi Jami'ar Lincoln a 1935 ya sayar da kifi a Harlem, ya yi aiki a jiragen ruwa don ya rayu. Dokokin yau ba su bar wannan sarari ba. Ko tallafin gwamnati yana iya makara: a 2025 ɗaliban Ghana da ke Jami'ar Memphis sun shiga halin ƙaƙa-nika-yi saboda jinkirin biyan kuɗin makarantarsu.

Biza ita ce mataki na ƙarshe. A Amurka jami'a za ta aiko da takardar I-20, a biya dala 350 na rajistar SEVIS da dala 185 na biza bisa farashin 2024, sannan a je ganawa. Dokarsu ta ɗauki duk mai nema a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'i cewa karatu zai kai shi kuma zai dawo. Ganawar mintuna kaɗan ce. Wanda ya cike takardunsa da hannunsa zai amsa ba tare da in'ina ba. Wanda aka cike wa, ko sunan kwas ɗinsa sai ya duba takarda. Ingila tana so kuɗin su kwana 28 a jere a asusu, tana kuma neman gwajin tarin fuka.

A wannan gaɓa ɗan konekshan yake shigowa. Zai ce a ba shi kaza, shi zai kawo gurbi, ya kawo takardar banki, ya kawo biza. Iyayena, babu mahalukin da ke iya lamunce biza. Takardar bankin aro ko ta jabu in aka gano ta, Ingila tana iya hana mutum shiga har shekara 10, Amurka kuwa tana iya rufe masa ƙofa har abada. A 2023 ɗaruruwan ɗaliban Indiya a Kanada sun fuskanci kora, bayan shekaru da zuwansu, saboda an gano takardun gurbin da dillali ya ba su na ƙarya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Alamomin mayaudari sanannu ne: yana gaggauta ka, yana so a tura kuɗi ta wayarsa, yana riƙe fasfo, ba ya yarda ka yi magana da jami'a kai tsaye. Kuma a tuna, takardar ƙarya haramun ce kafin ta zama laifi a wurin hukuma.

'Ya'ya mata, da maganar dawowa

Na san abin da ke zuciyar iyaye game da 'ya mace: wa zai kula da ita, ina za ta zauna, yaya batun aure? Tambayoyi ne na hankali, kuma suna da amsa. A bincika masaukin ɗalibai mata, a nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar, a haɗa ta da 'yan unguwarmu da ke garin tun kafin ta tashi. Matanmu suna son likita mace da ungozoma mai jin harshensu. Ba za a same su ba sai wani uba ya yarda 'yarsa ta yi karatun.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi hukumar GTEC ko ta amince da jami'ar da za a je, domin ita ke tantance shaidar karatun waje. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Ghana kafin ya taɓa majiyyaci. A duba zaman lafiyar ƙasar ma. Yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibanmu gida karatu a tsakiya. Kowane ɗalibi ya riƙa karɓar rahoton makinsa duk shekara yana ajiye kwafi a gida.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, ina gabatar da buƙatu huɗu a gaban wannan taro.

Na ɗaya, a ware ɗaki guda a Babban Masallaci ko a wata makarantarmu, da kwamfuta da intanet, inda 'ya'yan Zango masu digiri za su riƙa zama da ɗalibai ranakun Asabar daga Agusta zuwa Fabrairu, kyauta.

Na biyu, limamai su riƙa sanar da wa'adin guraben karatu bayan sallar Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, su kuma tunatar da rajistar haihuwa a wurin kowane suna.

Na uku, a kafa asusu ƙarƙashin amintattu don ƙananan kuɗaɗen da ke tsayar da yara: fasfo, jarrabawa, fom, motar zuwa Akra. Magajiyoyinmu sun iya adashi, sun iya tara gudummawar biki. Kaso kaɗan daga ciki zai wadatar. A kuma je da lissafi a rubuce a ƙwanƙwasa ƙofar Asusun Raya Zanguna da dokar 2017 ta kafa, domin don mu aka yi shi.

Na huɗu, a tattara sunayen 'ya'yanmu da suka yi karatu a waje ko suke can yanzu, kowannensu ya ɗauki ɗalibi ɗaya ya bi da shi daga fom har biza. Wanda aka taimaka, sharaɗinsa shi ne shi ma ya ɗauki wani.

Ku kuma ƙannena, aikinku na wannan mako shi ne ku fito da takardar haihuwarku da Ghana Card da takardun makaranta, ku jera su a gaban iyayenku, ku duba suna da ranar haihuwa. In sun saɓa, ranar Litinin a fara gyara.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare su a inda suke, Ya saka wa iyaye da malamai da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.